Na'urar tantance gwanjo: abin da take gani da abin da ya fi ƙarfinta

Ranar fasa dila a kasuwar Sabon Garin Zariya, tun kafin rana ta ɗaga 'yan zaɓe sun kewaye. Da an yanke ɗaurin, dila ta kumbura ta buɗe, warin nan na gwanjo ya tashi, sai hannaye su shiga. Gwanin zaɓe ba ya wuce daƙiƙa biyar a kan riga ɗaya. Zai ɗaga ta wajen haske, ya duba kwala, ya leƙa hammata, ya murza yadin tsakanin babban yatsa da manuni, ya ja zif sama da ƙasa, sannan ko ya saɓa ta a kafaɗa ko ya wurgar. In wani ya kai hannu kan wadda ya saɓa sai ka ji, "Haba Malam, ai na riga ka."

A cikin daƙiƙa biyar ɗin nan mutumin ya amsa tambayoyi biyu ne, ko da bai raba su a ransa ba. Ta farko: rigar nan za ta sake sawuwa, kuma wa zai saya? Ta biyu: da wane zare aka saƙa ta? Duk maganar na'urorin tantance gwanjo da ake yi a Turai tana kan bambancin tambayoyin nan. Na'ura ta fi ɗan Adam iya amsa ta biyu nesa ba kusa ba. A ta farko kuwa har yanzu ɗan koyo ce.

Kafin riga ta shiga dila ta sha hanya. A ƙasashen Turai mutane na jefa tsofaffin kaya a manyan akwatunan ƙarfe da ke bakin titi, ko su kai wa ƙungiyoyin agaji. Motoci su kwasa zuwa masana'antar tantancewa. A can za a fara cire abin da ba tufafi ba da abin da ya jiƙe, don jiƙaƙƙen wando ɗaya kan sa buhu guda ya yi fumfuna. Daga nan a raba gida-gida, riguna nan, wanduna can, labule da zannuwan gado daban. Sai tantancewa ta ƙarshe, inda ƙwararru kan raba kaya zuwa ɗaruruwan aji bisa kyau, yanayi da ƙasar da za a kai. Mafi kyau ba ya barin Turai, a shagunan can ake sayar da shi. Na biye da shi ake matsewa a dila mai kilo 45 ko 55 a turo Afirka. Abin da bai sawuwa a yanka shi tsumman goge injin, ko a tura wa masu niƙa yadi, ragowar a ƙona. Ita Najeriya a takarda ta haramta shigo da gwanjo, yana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana, shi ya sa akasarinsa ta Kwatano da Lome yake biyowa kafin ya iso Ƙofar Wambai a Kano da kasuwannin Zariya.

Matsalar da ta haifi na'ura tana can ƙasan wannan jeri, wajen kayan da ba sa sawuwa. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa abin da ake mayarwa sabon tufafi daga tsohon bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Dalili kuwa a fili yake: mai sarrafa yadi ba ya sayen "tsumma" haka kawai, yana son auduga zalla, ko poliyesta zalla, ko ulu zalla, kuma da yawa, kuma kullum iri ɗaya. Hannun mutum ba zai bambance riga mai auduga kashi 95 da mai kashi 70 ba. Takardar da ke wuyan riga ma ba abin dogaro ba ce: ko an yanke ta, ko ta koɗe, ko kuma tun daga masana'anta ƙarya aka rubuta. Ga shi tun 1 ga Janairun 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta a riƙa tara tufafi daban da sauran shara, tulin ya ƙaru, masu tantancewa da hannu ba su ƙaru ba.

Yadda na'urar take karanta yadi

Asirin yana cikin haske. Gaba kaɗan da launin ja akwai hasken da ido ba ya gani, masana suna ce masa infirared na kusa, tsawon zangonsa daga wajen nanomita 800 zuwa 2,500 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Kowane irin zare yana shanye wani yanki na wannan haske ya mayar da saura. Poliyesta tana da alama fitacciya a wajen nanomita 1,660. Auduga tana da nata wuraren, ulu da nailan da akirilik kowa da nasa. In ka haska yadi ka auna abin da ya dawo, za ka sami wani zane mai tudu da kwari wanda ya zama kamar zanen yatsa na wannan zare.

A masana'anta aikin yana farawa da warware kaya, kuma nan ne wuri mafi ba da wahala ga injiniya. Kwalba ko gwangwani in ka zuba su a bel kowanne zai tsaya da kansa. Tufafi kuwa cukurkuɗewa suke yi, hannun riga ya naɗe ƙafar wando, zanin gado ya haɗiye safa goma. In kaya biyu suka wuce a manne, na'ura za ta karanta na sama ta yanke hukunci a kan duka biyun. Don haka ake sa ganga mai juyawa da bel-bel masu gudu daban-daban, na gaba ya fi na baya sauri, don su ja kayan su rabu ɗai-ɗai. Wasu masana'antun mutum ko hannun mutum-mutumi ne yake ɗora kaya guda-guda.

Daga nan kaya su bi ƙarƙashin fitilun halojin. Na'urar auna haske ta karanta abin da ya dawo, kwamfuta ta gwada zanen da dubban samfuran da aka riga aka koya mata, wata kyamara kuma ta ɗauki launi. Kwamfutar ta san gudun bel, saboda haka ta san daidai lokacin da rigar za ta kai bakin gaɓa. A nan akwai jerin ƙananan bututu masu fesa iska daga kwampireso. In rigar tana cikin abin da ake nema, bututun da ke ƙarƙashinta su buɗe na ƙiftawar ido, iska ta cilla ta zuwa wani rami. In ba ita ba ce ta faɗi gaba ta tafi na'ura ta biyu. Kowace na'ura tambaya ɗaya take yi, "wannan ce ko ba ita ba?", shi ya sa ake jera su bi-da-bi, ko a sake zagayo da kayan.

Launi ba ƙawa ba ne a wannan lissafi. Masu sarrafa tsohon ulu a garin Prato na Italiya sun daɗe suna raba kaya launi-launi kafin su niƙa, don zaren da zai fito ya zo da rininsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina ya san abin da rini yake ci na ruwa da sinadari da lokaci.

Masana'antar Siptex da ke Malmo a Suwidin, wadda kamfanin sharar yankin mai suna Sysav ya kafa da na'urorin kamfanin Tomra, an gina ta ne don tan 24,000 a shekara. In aka mayar da wannan dila mai kilo 45, ya haura dila 530,000, wato kusan dila 1,460 kowace rana ta Allah. Na'urar Fibersort da kamfanin Valvan na Beljiyam ya ƙera, aka fara aiki da ita a Holan, tana kai wa kilo 900 a awa, kamar dila 20 ke nan.

Inda take tuntuɓe

Hasken nan fatar yadi kawai yake taɓawa, ba ya nitsawa can ciki. Rigar sanyi mai shafi, wadda wajenta nailan ne, cikinta auduga, tsakiya kuma an cusa poliyesta, na'ura za ta ba ta suna ɗaya bisa fuskar da ta kalli fitila. Riga mai babban zanen roba a ƙirji, in hasken ya sauka kan zanen, roba zai karanta. Haka yadin da aka shafe da maganin hana ruwa shiga.

Baƙi ma akwai magana. Ba kowane baƙin yadi ne yake gagara ba, audugar da aka rina baƙa galibi tana karantuwa. Wanda ke gagara shi ne zaren roba da aka zuba wa baƙin gawayi tun yana narke, don gawayin yana shanye hasken kusan duka, ba abin da zai dawo balle a auna. Irin wannan sai ya faɗa tulin "ba a sani ba".

Ruwa yana da nasa manyan alamomi a wajen nanomita 1,450 da 1,940, kuma suna iya danne na yadin. Riga mai danshi tana iya fita da sunan da ba nata ba. Sannan auduga da biskos, wato yadin nan mai santsi da sanyi da ake yi daga ɓargon itace, asalin sinadarinsu ɗaya ne, bambancin zanensu siriri ne ƙwarai.

Babban maƙiyi dai shi ne lastik ɗin da ke sa wando ya miƙe. A wandon jins na zamani bai fi kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba, kuma yadda ake yin zaren, lastik ɗin yana tsakiya, auduga ta naɗe shi ruf. Haske ya zo ya ga auduga, ya ce auduga zalla. Sai an kai wajen niƙa ko narkarwa sannan lastik ya fito yana naɗe haƙoran inji, yana toshe matata. Kyan ɗan maciji ke nan. Ko rigar da ta tabbata auduga ce ɗari bisa ɗari, zaren da aka ɗinke ta da shi galibi poliyesta ne, ga maɓalli, ga zif, ga ƙusoshin aljihu, ga takardar wuya. Shi ya sa bayan tantancewa akwai wani mataki: a yayyanka kayan ƙanana, a bi da su ƙarƙashin kyamara da na'urar gano ƙarfe, duk guntun da ke ɗauke da maɓalli ko zif a hure shi gefe. Yadi mai yawa yana tafiya a nan tare da ƙarfen.

Wannan tsanani duk don me? In niƙa za a yi, injin yana yayyaga yadi har ya koma kamar auduga, amma zaren ya gajarce. Gajeren zare ba ya kaɗuwa da ƙarfi, dole a gauraya shi da sabuwar auduga, galibi tsohon ya tsaya a kashi 20 zuwa 30. In narkarwa za a yi da sinadari, kowane tsari zare ɗaya yake so, sauran duk datti ne a wurinsa. Kuskuren kashi biyar a tantancewa yana iya sa mai saye ya mayar da mota guda.

Kuma ko na'ura ta yi aikinta tsaf, tsugune ba ta ƙare ba, don sai an sami mai saye. Kamfanin Renewcell na Suwidin ya gina babbar masana'anta a Sundsvall don mayar da tsohuwar auduga ɗanyen kayan sabon zare, amma a Fabrairun 2024 ya durƙushe, saboda kamfanonin tufafi ba su sayi abin da yake yi gwargwadon yadda aka zata ba. Daga baya wasu suka saye shi ya koma Circulose. Haka ma a ɓangaren poliyesta, sabuwa daga man fetur tana da araha, tsohuwar da aka tara, aka tantance, aka wanke, aka narkar ba ta iya gasa da ita sai doka ta tallafa. Faransa ta daɗe da dokar da ke sa masu sayar da tufafi biyan wani abu kan kowace riga don kula da ƙarshenta, kuma a 2025 Tarayyar Turai ta amince a yi haka a dukan ƙasashenta.

To tambayar farko fa, ta "za ta sawu?" Ana gwada kyamarori da ƙirƙirarriyar basira don gano tabo, huji, sunan kamfani da irin ɗinki. Suna kama wasu abubuwan. Amma sai an shimfiɗa riga gaba da baya kafin kyamara ta gani, kuma shimfiɗa yadi yana cikin abin da hannun mutum-mutumi ya fi shan wahala a kai. Kyamara ba ta jin wari. Ba ta jan zif, ba ta jin lastik ɗin ƙugu ya mutu. Ba ta san cewa wandon da ya yage a gwiwa wani da gangan aka yaga shi kuma ya fi mai lafiya tsada ba, ba ta san suwaitar da za ta yi kwantai a Legas tana tashi a Samaru da zarar hunturu ya kama ɗalibai a watan Disamba ba. Wannan sani a kan mutane yake, ba a kan yadi ba.

Abin da zai iso dilar Zariya

Mai sayen dila cinikin biri a sama yake yi. Ya biya kafin ya gani, kuma ribarsa tana kan kan dila, 'yan kayan nan da masu zaɓe ke rububi. A ɗauka dilar ƙananan riguna ce mai kilo 45, kowace riga giram 200, wato guda 225 ke nan. Kashi na farko shi zai fitar da uwar kuɗi, na tsakiya ya kawo riba, na ƙarshe a kasa shi a ƙasa ana "zo ka zaɓa" har ya koɗe a rana. Duk abin da ya rage na farko ya ƙara na ƙarshe, to ya taɓa cikin ɗan kasuwa kai tsaye.

Na'ura tana iya taɓa wannan ta fuska biyu, kuma ba hanya ɗaya suke ja ba. In masu sarrafawa a Turai suka fara biyan kuɗi mai kyau kan abin da bai sawuwa, mai tantancewa ba shi da dalilin cusa tsumma a dila don ya cika nauyi, dila za ta fi tsabta. Amma audugar da suka fi nema ita ce mu ma muka fi so a ƙasa mai zafi, kuma mafi kyawun kaya tuni masu su ke sayarwa da kansu ta manhajoji irin su Vinted kafin su kai akwatin titi. Abin da zai rage ya biyo jirgi zai ƙara karkata ga siririyar poliyesta mai araha, irin wadda wanki uku ke kashewa. A ganinmu wannan ta biyun ita ta fi kusa, don kuwa riga mai sawuwa ko ta aji na biyu ce har yanzu ta fi tsumma daraja a sikeli, mai dila ba zai daina turo ta ba.

Ƙarshen wannan hanya an gan shi a kasuwar Kantamanto ta Akara, inda gidauniyar Or ta ƙiyasta cewa kaya kusan miliyan 15 ke shiga a mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara. Zariya ba ta kai nan ba, amma wanda ya duba kwatocin bayan kasuwa bayan ruwan farko, ko bakin rafin Kubanni, zai ga ƙyallayen da ba sa ruɓewa sun sarƙe da leda.

Kafa irin Siptex a nan ba ma abin tattaunawa ba ne. Babu dila 1,460 ta tsumma a rana, babu wutar da za ta riƙe kwampireso dare da rana, kuma sana'ar da doka ba ta amince da shigowar kayanta ba ba mai ƙidaya ta balle ya zuba mata jari. Abin da ya dace da mu ƙarami ne: tebur, mutane huɗu ko biyar, sikeli, da na'urar hannu ta infirared irin wadda kamfanoni kamar Matoha na Ingila ke yi, wadda ake ɗora yadi a kanta ta faɗi zarensa cikin daƙiƙa. Ta fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya, amma ƙungiyar 'yan gwanjo za ta iya tunaninta. Ita ma tana da sharuɗɗa. Ƙurar hunturu in ta hau gilashinta karatu ya karkace, sai a riƙa gogewa ana daidaita ta da farin faifan da ke zuwa tare da ita. Da damina a shanya kaya su bushe kafin a auna. A auna kowace riga wuri biyu ko uku, ciki da waje, nesa da zane. Kuma samfuran da aka koya mata na kayan Turai ne. Shadda mai sitaci da ƙyalli tana iya ruɗa ta, tunda sitaci ɗan'uwan auduga ne a sinadari. Tara samfuran shadda da atamfa da leshi da yadin maza a koya wa na'ura aiki ne da ya dace da sashen nazarin yadi da robobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa.

Ko babu na'ura akwai gwajin da ashana ɗaya ta isa. A zare ɗan zare daga cikin lafi, a riƙe da hantsaki, a kai wa wuta a wuri mai iska, da ruwa a kusa. Auduga tana ci bal-bal, warinta na ƙonanniyar takarda, tokarta fara-fara mai laushi. Poliyesta tana janyewa daga wuta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murjewa. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi, ya mutu da kansa, tokarsa ta farfashe a yatsa. Akirilik, wanda yawancin suwaitar gwanjo shi ne ba ulu ba, yana ci da sauri yana ɗiga. In aka sami toka da dunƙule tare, gauraye ne, sai dai gwajin ba zai faɗi kashi nawa ba.

Wannan rabon kaɗai yana canza farashi. Makaniki da mai fenti da mai injin niƙa auduga suke so, don ita ke shan mai. Tsumman poliyesta sai dai ya shafe baƙin mai a jikin ƙarfe ya bar shi nan. Farar auduga ta fi mai launi daraja don ba ta zuba. Poliyesta da akirilik su tafi wajen masu cusa filo da kushin. Sharaɗin duka shi ne a cire zif da maɓalli, a yanka daidai-wa-daida, a ajiye a kan katako ba a kan siminti ba, a matse kafin a ɗora a mota, don tsumman da ba a matse ba iska ake biya wa kuɗin dako.

Akwai ma kayan da suka fi ƙasan dila sauƙin sarrafawa, kuma a nan gida suke: ƙyallayen teloli. Sati biyu kafin Sallah, daga Tudun Wada har cikin Birni inda ake ɗinkin manyan riguna, kowane shago buhu-buhu yake sharewa. Sabon yadi ne, ba zif, ba gumi, ba maɓalli, kuma telan ya san wace shadda ce ta auduga, wace ce mai roba, tunda dutsen guga ya riga ya gaya masa. Buhu biyu a gindin keke, ɗaya na auduga ɗaya na roba, sun yi aikin da a Malmo sai an kunna fitilun halojin da kwampireso kafin a yi.